Caji Ɗaya, Kilomita Nawa? Lissafin Babur da Keken Lantarki a Hanyar Argungu

Duk wanda ya tsaya gaban mai sayar da babur ko keke mai aiki da lantarki, tun kafin a yi maganar kuɗi, tambayar da ke fara fita daga bakinsa ita ce: idan an cika shi da caji, ina zai kai ni? Mai kaya kuwa amsarsa a shirye take. Zai ɗauko kwali ko 'yar takardar da ta zo da abin, ya nuna maka a rubuce, kilomita 80, wani ma 100. Ba lallai ne ƙarya ya yi maka ba. Sai dai wannan lamba an samo ta ne a wata ƙasa, a kan kwalta mai santsi, da matuƙi ɗaya marar nauyi, yana tafiya a hankali, a yanayin da ba zafi ba sanyi. Ba a auna ta da ɗan kabu-kabun da ya ɗauko fasinja da buhun shanshera daga fadamar Zauro a tsakiyar watan Afrilu ba.

Maganar ta ɗauki zafi ne tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000 a gidajen mai da yawa. A jiha irin Kebbi, inda fetur ke tayar da injin ban ruwa, ya kai manomi gona, ya kai shinkafa kasuwa, wannan tsada ta shiga tukunyar kowa. Har yau babur ɗin fetur da agwagwa da buje, wato keke mai ƙafa uku, su ne ke riƙe da hanyoyinmu, amma ido ya fara komawa kan na lantarki. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan motocin bas yana sa musu batir, gwamnatin Borno kuma ta zuba motocin haya masu lantarki a titi. Abin da ya shiga Maiduguri ba zai daɗe bai iso Birnin Kebbi ba. Gara mu san lissafinsa tun yanzu, kada mutum ya sayar da shinkafar rani ya sayi abin da zai jingine a zaure bayan wata shida.

Lissafin ba shi da wuya. A jikin kowane batir akwai lambobi biyu: ɗaya an bi ta da harafin V, wato bolt, ɗayar kuma da Ah. Idan ka ninka wannan da wancan, ka raba da 1,000, ka sami yawan yunit ɗin da batirin ke ɗauka, irin yunit ɗin nan da mitar wuta ke ci a gida. Batir mai 72V da 32Ah yana ɗaukar yunit 2.3. Mai 60V da 20Ah, wanda ake yawan gani a ƙananan babura masu araha, yunit 1.2 ne kacal. Na keke mai ƙafa uku, idan 60V ne da 100Ah, yunit 6 ke nan.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya ɗan dakata. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kimanin yunit 9. Ashe ke nan batirin nan mai yunit 2.3, da duk nauyinsa da tsadarsa, ƙarfin da ke cikinsa bai wuce na rubu'in lita ba. Abin da ya sa yake iya yin tafiya mai nisa da wannan ɗan guzuri shi ne injin lantarki ba ya almubazzaranci. Injin fetur da ƙyar yake mayar da kashi ɗaya cikin huɗu na man da ya sha zuwa juyin taya, sauran duk zafi ne da hayaƙi, shi ya sa salansa ke ƙona ƙafar wanda bai yi hankali ba. Injin lantarki kuwa yana mayar da sama da kashi 80 cikin ɗari. Amma tun da guzurin kaɗan ne, duk wata 'yar ɓarna da mai babur ɗin fetur ba ya ma lura da ita, mai lantarki zai gan ta a kilomitocinsa. Manomin rani ya fi kowa sanin wannan: ruwan da injin ya zuƙo daga rijiya ba duka ke isa fangali ba, wani ya tsiyaye a fashewar tiyo, wani yashi ya shanye a hanya, kuma wanda ya toshe waɗannan ɓulolin ya fi wanda ya sayi babban inji riba.

A ƙiyasi, babur na lantarki da mutum ɗaya, a kan kwalta, yana tafiyar kilomita 35 zuwa 40 a awa, yakan yi kilomita 30 da ɗoriya da yunit ɗaya. Idan aka ɗora fasinja da kaya aka kuma ƙara gudu zuwa 60, yunit ɗin nan bai fi ya yi kilomita 22 ba. Kuma ba a tatse batir har ƙarshe. Kashi 80 cikin ɗari ake lissafawa. Saboda haka batir ɗaya, mai yunit 2.3, zai ba wani kilomita 60, ya ba wani 40. Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu kilomita 50 ne da 'yan kai. Na farko zai shiga Argungu da sauran caji, na biyu kuwa zai tura babur ɗinsa da hannu tun bai hango gari ba. Kaya iri ɗaya suka saya, a shago ɗaya, rana ɗaya.

Babban ɓarawon caji shi ne gudu, kuma yadda yake sata ba yadda mutane ke zato ba ne. Iskar da ke tokare ƙirjin matuƙi ba ta ƙaruwa daidai da gudunsa, ninkawa take yi. Wanda ya tashi daga kilomita 30 a awa zuwa 60, gudunsa ya ninka sau biyu, amma turjiyar iska ta ninka sau huɗu. Daga 40 zuwa 60 ma, ta fi ninki biyu. A tafiyar kilomita 50, bambancin mai gudun 60 da mai gudun 45 bai kai minti ashirin ba, amma wannan mintocin ana biyansu da caji mai yawa. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana, kuma a kan babur ɗin lantarki maganar ta tabbata har da lissafi.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da hanyarmu. Argungu tana arewa maso gabas da Birnin Kebbi, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take kaɗowa. Wanda ya bar Gwadangaji da safe a watan Disamba ko Janairu, ya bi ta Zauro da Ambursa, gaba da gaba yake yi da iska kusan duk tafiyar. Idan yana gudun 45, iska kuma tana zuwa da gudun 15, jikinsa da babur ɗinsa suna jin kamar 60 yake yi, turjiyar ta kusa ninkawa. Wani zai ce ai a dawowa iska za ta biya bashin, tun da a baya take. Tana biya, amma ba duka ba. Abin da ta karɓa a zuwa ya fi abin da take mayarwa. Mai hankali a lokacin hunturu zai rage gudu a zuwa, ya bar saurin sai a dawowa. Haka kuma duk abin da ke faɗaɗa abin hawa yana ƙara masa aiki: buhun da aka ɗaura a gicciye, katifa, daurin kara, babbar rigar da ba a tattare ba tana cika da iska, labulen tamfol da ke kaɗawa a gefen keke. Kaya a ɗaure su a bayan matuƙi, a tsaye da tsawon babur, inda jikinsa ya riga ya tsaga iska.

Nauyi kuma a wurare biyu yake cin caji: wurin tashi, da cikin yashi. A kan kwalta, idan abin hawa ya riga ya miƙa, ƙarin buhu ɗaya ba ya yi masa illa sosai. Amma kowane tashi daga tsaye sai batir ya biya kuɗin tayar da dukan nauyin, kowane taka birki kuma an zubar da abin da aka biya. Ɗan kabu-kabun cikin gari da ke murɗa totur har ƙarshe sannan ya danne birki a kowane kwana, shi ne zai fara komawa gida. Wanda ya hango tudun rage gudu a shigar ƙauye ya saki totur tun daga nesa, ya bar babur ya gangara da kansa, ya yi tafiyar nan kyauta. Yashi kuwa babu sulhu da shi. Turjiyar taya a cikin yashi mai laushi takan ninka ta kwalta sau goma ko fiye, don haka kilomita biyu na hanyar fadama suna iya cin abin da ya fi na kilomita goma a titi. Idan akwai zagaye ta ƙasa mai tauri, ko da ya fi nisa, shi ne gajeriyar hanya ga batir.

Sai abubuwan da ake rainawa. A kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya da safe, a juya tayar gaba da hannu, a saurara. Tayar ƙwarai takan yi ta juyawa shiru har ta gaji don kanta. Idan ta yi zagaye ɗaya ko biyu ta tsaya, ko ana jin wani shuu, shuu a wuri ɗaya, to birki na shafar ta ko boris ya sha ƙura ya bushe. Wannan 'yar shafar ita ce ke bin mutum duk yini tana tsotsar cajinsa. Iskar taya ma haka. Mai faci da ya matsa taya da babban yatsa ya ce, “Ta yi, maigida,” bai auna komai ba. Tayar da ta rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta tauri take yi a yatsa. A nemi ɗan ma'aunin iska, ba shi da tsada, a riƙa aunawa da safe taya na da sanyi, a bi adadin da kamfani ya rubuta. Da rana idan taya ta yi zafi awon zai hau, kada a sace iskar, za ta sauka da kanta. Idan babur mai sarƙa ne, a wanke ta a sa mata mai, musamman da hunturu.

Shi kansa injin yana da halinsa. Yawancin ƙananan babura injinsu a cikin tayar baya yake, kuma abin da ya fi wahalar da shi shi ne jan kaya mai nauyi a hankali, kamar fitowa daga fadama zuwa tudu. A lokacin yana zuƙar wuta mai yawa, tafiya kuwa kaɗan, ragowar sai ta koma zafi. Ƙa'idar ita ce idan wutar da ke bin waya ta ninka biyu, zafin da take haifarwa ninki huɗu yake yi. Shi ya sa a ƙarfi iri ɗaya mai 72V ya fi mai 48V sanyin waya: injin wat 1,500 yana jan amfiya 31 a kan 48V, amma 21 kawai a kan 72V, ɓarnar zafi ba ta kai rabi ba. Bayan hawa mai wuya, a kai bayan hannu kusa da injin. Idan ba ya taɓuwa, a ba shi hutu, domin maganaɗisun da ke ciki idan suka sha zafi fiye da kima ƙarfinsu raguwa yake yi kuma ba ya dawowa. Fasinja ya sauka ya taka 'yan taku a wurin hawa, babu abin kunya a ciki.

Masu talla suna son ambaton birkin da ke mayar da caji cikin batir. Akwai shi, yana kuma da amfani a ƙasar duwatsu irin Jos. A kwarin Rima, inda ƙasa take shimfiɗe in ban da 'yan hawa da gangara tsakanin tudu da fadama, abin da yake mayarwa kaɗan ne. Kada a ƙara wa mutum kuɗi mai yawa saboda shi.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne zafi, domin gudu da nauyi cajin yau suke ci, zafi kuwa batirin kansa yake ci. Batir ya fi jin daɗi a wajen digiri 25. A nan kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle baƙin akwatin da aka bari a rana tun hantsi. Abin yaudarar shi ne batir mai ɗumi ba ya nuna gazawa a ranar, har ma yakan yi kamar ya fi kuzari. A ciki ne yake tsufa. Ga batirin dalma, masana sun daɗe da ƙa'idar cewa kowane ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba tsawon ransa kusan biyu. Na litiyam ma zafi na tsufar da shi, musamman idan an cika shi taf aka ajiye a rana. A 2012 masu motar Nissan Leaf a birnin Finiks na jihar Arizona, ɗaya daga wurare mafi zafi a Amurka, sun yi ta ƙorafin batirinsu ya rage ɗaukar caji tun bai daɗe ba, domin motar ba ta da na'urar sanyaya batir da ruwa. Idan haka ta faru da babban kamfani, ina ga babur ɗin da aka harhaɗa don araha?

Akwai darasi a wata motar da ke da alaƙa da Birnin Kebbi. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi a ƙarshen shekarun 1980, kafin ya wuce Amurka ya shiga kamfanin General Motors. Shi ya zana siffar farko ta Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Da motar ta fito kasuwa a ƙarshen 2010, batirinta yunit 16 ne, amma injiniyoyi sun kulle shi yadda direba ba zai taɓa amfani da abin da ya kai yunit 11 ba. Ba ya cika taf, ba ya ƙarewa ƙaf, ga kuma ruwa na zagaya shi yana sanyaya shi. Da wannan take yin kimanin kilomita 56 kafin injin fetur ya karɓa, kusan nisan Birnin Kebbi zuwa Argungu. Sun yarda su bar kashi ɗaya cikin uku na batirin a ajiye don ya yi shekaru yana aiki. Mai babur ba shi da na'urar da za ta yi masa wannan, sai dai ya yi wa kansa: ya ajiye abin hawansa a inuwa, idan ya dawo daga aiki ya bar batir ya huce kamar rabin awa kafin ya jona, ya fi son cajin dare ko na asuba, kuma kada ya jira sai babur ya mutu a hanya.

Wane batir za a saya? Na dalma tsohon hannu ne, tun 1859 Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a Faransa, kuma arha ce ke sayar da shi. Amma yana da nauyi: guda biyar masu 12V da ake jerawa su ba da 60V sun haura kilo 30, don yunit 1.2 kawai. Idan ana jansa da ƙarfi ba ya ba da duk abin da aka rubuta a jikinsa, abin da Bajamushe Wilhelm Peukert ya bayyana tun 1897. Idan ana tatse shi kullum, caji ɗari uku zuwa ɗari biyar ne ransa, wato ga mai haya bai fi shekara ɗaya da 'yan watanni ba, a zafinmu ma ƙasa da haka. Ba ya son a bar shi babu caji ko na kwana biyu. Idan mai ruwa ne, ruwan batir tatacce ake ƙara masa, ba na rijiya ko na leda ba. Kuma idan ɗaya cikin biyar ya kumbura, sa sabo guda ɗaya a tsakiyar tsofaffi asarar kuɗi ce, domin jerin duka da ƙarfin mafi rauni yake tafiya.

Na litiyam kuwa, wanda Sony ya fara sayarwa a 1991, farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2023. Iri-iri ne. A ganina, wanda ya dace da ƙasar nan shi ne mai alamar LFP: ya ɗan fi ɗan'uwansa NMC nauyi, amma ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, kuma yakan yi caji 2,000 ko fiye. Kuɗinsa na farko ya fi na dalma nesa ba kusa ba, amma idan aka raba da shekarun da zai yi, shi ne mai arha. Araha ba ta ado.

Matsalar ita ce takardar da ke manne a jikin batir kowa na iya buga ta. Akwai waɗanda ake cusa wa tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta a rufe da sabuwar leda. Sikeli ne maganinsu. Batirin LFP mai yunit 2.3 na gaskiya da wuya ya gaza kilo 16. Sai mai saye ya ce, “Alhaji, don Allah a ɗora mana shi a sikeli mu gani.” Mai kayan ƙwarai ba zai ƙi ba. Bayan an saya kuma, mai mitar kati yana da ma'auni a gidansa: ya kashe komai, ya rubuta yunit ɗin da ke mita, ya yi caji har ya cika, ya sake dubawa, ya cire kamar kashi 15 cikin ɗari da caja ke ɓatarwa. Idan ya haɗa wannan da kilomitocin da ya yi a ranar, ya san ainihin cin babur ɗinsa. Ya riƙa maimaitawa duk wata biyu ko uku, zai ga tsufan batir tun kafin ya ba shi kunya a hanya. Sandunan da ke allon babur ba abin dogaro ba ne, suna sauka idan an murɗa totur, su hau idan an tsaya.

Caja kuma kowane batir da tasa. Ta dalma ba ta yi wa litiyam, ta 72V ba ta yi wa 60V, ko da bakin ya shiga. Kada a yi caji a kan katifa, ko a ɗakin da yara ke barci, ko a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita. Batirin da ya kumbura, ko ya faɗi ya lotse, ko ya nutse a ruwan damina, a fitar da shi waje. Wanda ya mutu kuma, in na dalma ne, a mayar wa masu saye da sayarwa, kada a fasa shi a tsakar gida. Mutanen Zamfara ba su manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400. Dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan gubar.

Saura tambayar da ta fi duka nauyi: ina wutar? A farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sa wa masu amfani da wuta 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, mayar da cajin babur ɗin nan kimanin naira 500 ne, na tafiyar kilomita 40 zuwa 60. Ga waɗanda ke ƙananan rukunai kuɗin bai kai haka ba, sai dai wutar ce ba ta zama. Idan aka ce a tayar da ƙaramin janareta, lissafin ya rushe. Irin waɗannan da ƙyar suke fitar da yunit 2 daga lita ɗaya, saboda haka sai an ƙona fiye da lita kafin batirin ya cika, alhali Bajaj Boxer da wannan litar za ta yi kusan tafiya ɗaya da shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Rana ce dukiyarmu a nan, amma ita ma da lissafinta. Farantin sola mai wat 300 a kan rufin keke, idan ya wuni a rana kuma an goge masa ƙura, zai tara abin da bai wuce yunit ɗaya da rabi ba, wato ƙarin kilomita 15 zuwa 20. Taimako ne, ba ya maye gurbin caji, ga nauyinsa na kusan kilo 20 da keken zai riƙa yawo da shi. Ya fi riba a kafa farantan a wuri ɗaya, su zama rufin rumfa: sama suna tara wuta, ƙasa suna yi wa batir inuwa. Irin wannan tunani ne ya sa hukumar bunƙasa ƙirar motoci ta ƙasa, NADDC, lokacin da Jelani Aliyu ke shugabantarta, ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a watan Afrilun 2021, ta farko irinta a Nijeriya. A fadamunmu ma faranti sun riga sun shigo tare da injinan ban ruwa na sola, kuma da damina yawancinsu hutu suke yi. Ana iya amfani da su, amma ba a jona faranti kai tsaye da batir. Sai an sa na'urar daidaita caji da ta dace da bolt ɗinsa, kuma wanda ya san aikin ya haɗa.

Wata dabarar ita ce musayar batir: ka kawo wanda ya ƙare, ka ɗauki cikakke, ka biya kuɗin caji, cikin 'yan mintoci ka wuce. Kamfanin Gogoro ya fara haka a Taiwan a 2015, Ampersand na yi a Kigali, Spiro kuma a Togo da maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin, ya kuma shigo jihar Ogun a 2024. Amfaninta ga ɗan kabu-kabu shi ne ba sai ya sayi batir ba, ba kuma zai zauna awa huɗu yana kallon fasinja na wucewa ba.

Hukuncina dai shi ne: ga zirga-zirgar Zauro, Ambursa da cikin Birnin Kebbi, ga malamin makaranta da ma'aikaciyar asibiti da mai kai kayan miya kasuwa, babur ko keke mai batirin LFP ya isa aiki tun yau, muddin akwai wurin caji tabbatacce. Zuwa Argungu da dawowa a caji ɗaya, da fasinja da kaya, ƙaramin babur ba zai yi ba, duk wanda ya ce maka zai yi ka ce ya hau ku je tare. Abin da zai buɗe wannan hanya shi ne wurin caji ko musaya a tsakiya da kuma can ƙarshen.

Mutanen Zauro sun san jiran babban aiki. Shirin noman rani na sama da hekta 10,000 da aka tsara wa fadamarsu ya girmi jihar Kebbi kanta, an yi gwajin hekta 100 a 1982, har yau bai kammala yadda aka zana ba, shinkafar da ake nomawa kuwa da ƙananan injina da rijiyoyin burtsatse na manoma ake yin ta. Saboda haka kirana ga ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu da masu keke, da 'yan kasuwar da ke da hali, da sashen koyar da lantarki na kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi: kada a jira tashar miliyoyi, a fara da rumfa ɗaya a bakin titi, a koya wa yara biyu ko uku aikin batir su riƙe ta. Faranti goma masu wat 500 suna ba da kimanin yunit 20 a yini, abin da zai cika batirin babur tara.